Bayan Ritaya, Sai Gyaran Tsofaffin Jirage



Yau zancenmu na 'yan fansho ne. Na san da jin haka hankalin wasu zai tafi ga layin tantancewa da garatutin da ya maƙale. Za mu taɓo wannan kafin mu rabu. Amma tambayar da na zo da ita daban ce. Mutum ya ajiye aiki, an yi masa walima, an ba shi agogon bango da lambar yabo, ya koma gida da sauran ƙarfinsa da cikakken hankalinsa. Litinin ta zo, ya yi sallar asuba, ya karya kumallo, ƙarfe takwas ta yi. To ina zai nufa?

Domin neman amsa, bari mu leƙa arewa maso yammacin Ingila, wani gari da ake kira Ellesmere Port, a gaɓar kogin Mersey, ba nisa da birnin Liverpool. A can akwai wani gidan tarihi na jiragen ruwa wanda masu aikin sa-kai suka kafa, kuma har yau ba ya tafiya sai da su. Da yawansu mutane ne masu furfura da suka gama aikin albashi, suka zo suka kama wani sabo ba tare da ko sisi ba.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata mu san irin jiragen da ake magana. Ba manyan jiragen teku ba ne. Kafin zuwan jirgin ƙasa, Ingila ta haƙa wa kanta hanyoyin ruwa da hannu, da diga da shebur, domin jigilar kaya masu nauyi. A shekarar 1761 aka buɗe hanyar Bridgewater, wadda ta riƙa kai kwal birnin Manchester daga mahaƙar Worsley, kuma ba a daɗe ba farashin kwal a birnin ya faɗi da kusan rabi. Dalilin a fili yake. Dokin da ke wahala da tan ɗaya ko biyu a amalanke kan turɓaya, idan aka ɗaura masa igiya yana tafiya a gefen ruwa, sai ya ja jirgi mai ɗauke da tan 25 ko fiye. Ganin haka attajirai suka zuba kuɗi, ƙasar ta cika da waɗannan hanyoyi.

A 1795 ɗaya daga cikinsu ta iso gaɓar Mersey daga birnin Chester, kuma a nan garin Ellesmere Port ya tsiro. Aikin tashar shi ne sauke kaya daga manyan jirage a loda wa ƙanana: farin yumɓu zuwa masana'antun tangaran, ƙarfe, hatsi. Shahararren injiniyan nan Thomas Telford ne ya tsara manyan sitocinta. Ƙananan jiragen kuwa sirara ne, faɗinsu kimanin ƙafa 7, tsawonsu kimanin ƙafa 70, domin haka aka gina ƙofofin hanyoyin ruwan da suke bi.

Sai jirgin ƙasa ya zo. A 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester, kuɗin dako ya fara karyewa. Matuƙa da yawa suka kasa biyan hayar gida a tudu, suka kwashe mata da yara suka koma cikin jirgi da zama. Bayan jirgin ƙasa, manyan motoci suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. Tsananin sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan har tsawon makonni, jirage suka kafe wuri ɗaya, 'yan kasuwa suka koma ga mota, yawancinsu ba su dawo ba. Tashar Ellesmere Port ta zama kufai, kuma a 1970 gobara ta cinye manyan sitocin Telford.

A wannan lokacin ne wasu 'yan tsirarun mutane suka lura cewa tsofaffin jiragen suna ƙarewa. Wasu ana nutsar da su, wasu ana farfasa su, wasu suna ruɓewa a inda aka yasar da su. Ba gwamnati ce ta aiko mutanen nan ba. A farkon shekarun 1970 suka kafa ƙungiya, suka riƙa tattara jirage ɗaya bayan ɗaya, suka shiga kufan tashar suna kwashe laka da shara a ranakun hutunsu. A 1976 suka buɗe ƙofa ga jama'a. Yau wurin yana cikin gidajen tarihi na ƙasa, a ƙarƙashin gidauniyar Canal & River Trust, wadda tun 2012 ta karɓi kula da hanyoyin ruwa masu tsawon mil kusan 2,000 a Ingila da Wales.

To, yanzu mu bi sawun sabon shiga. Mu ɗauka dattijo ne ɗan shekara 66, wanda ya fara karɓar fanshon gwamnati a Birtaniya. A ce shugaban sashe ne a banki, ko shugaban makaranta, wanda ya saba ya yi magana a ce to ranka ya daɗe. Ya cike takarda, an kira shi an tattauna, an tambaye shi abin da yake sha'awa da ranakun da yake da sarari. Me zai fara tararwa?

Abu na farko, ba a tambayarsa muƙaminsa na da. Abin da za a fara koya masa shi ne yadda zai tsira da ransa: inda ake takawa da inda ba a takawa a bakin ruwa, yadda ake ɗaura rigar hana nutsewa, dalilin sa takalmi mai ƙarfe a baki, yadda ake ɗaga kaya mai nauyi ba tare da ƙugu ya riƙe ba. Sannan a haɗa shi da wani tsohon hannu. Tsohon hannun nan mai yiwuwa direban babbar mota ne a da, ko mai walda, ko wata mata da ta yi aikin jinya. A nan su ne malamai, shi ne ɗalibi.

Abu na biyu, aikin farko ba mai daɗin faɗi ba ne. Kwarfe ruwan sama daga cikin jirgi da bokiti ko famfo. Kankare tsatsa da burushin waya. Goge tagulla har ta yi ƙyalli. Share ganye daga hanya. Dafa wa abokan aiki shayi. Wanda ya zo da burin ya riƙe sitiyari a makon farko, hotonsa ya fito a jarida, zai koma gida da takaici. A nan ne ake gane wanda zai zauna da wanda zai yi sallama.

Kada mai sauraro ya raina kwarfe ruwan nan, domin shi ne gadon bayan aikin baki ɗaya. Jirgin katako tamkar ginin ƙasa ne: shekarar da aka fasa yi masa yaɓe, damina ba ta jiran uzurin kowa. Idan ruwan sama ya kwanta a cikinsa, katakon ya ruɓe daga ciki. Idan kuma aka fitar da shi tudu aka bari ya bushe ƙayau, allunan su tsuke, tsakaninsu ya buɗe, ranar da aka mayar da shi ruwa ya sha ya nutse. Kenan ba a gama gyaran jirgin katako a ce an huta. Kullum akwai abin da yake nema, kuma babu kasafin kuɗin da zai iya biyan ma'aikatan da za su bi kowane jirgi da wannan hidima.

Idan sabon shiga ya daure ya yi watanni, wata rana za a miƙa masa guduma ta katako da wani ƙarfe mai faffaɗan baki marar kaifi, a ce ya zo ya koyi toshe tsakanin alluna. Ga yadda abin yake. Ana samun zaren tsohuwar igiya da aka warware aka jiƙa da kwalta. Sai a murza shi a kan cinya ya zama dogon siliƙi mai laushi. A ɗora bakinsa a kan tsagar da ke tsakanin allo da allo, a sa ƙarfen a tura shi ciki kaɗan-kaɗan, ana lanƙwasa shi, ana bugawa. Idan an yi sako-sako, ruwa zai shiga. Idan an matsa fiye da kima, ranar da katakon ya sha ruwa ya kumbura, zai iya tsagewa ko ya ture ƙusa. Gwanayen aikin da kunne suke ganewa: ƙarar gudumar tana sauyawa idan zaren ya zauna daidai. Bayan nan a narka baƙin ƙaro a bi layin da shi yana da zafi. Magina jiragen da can har wani haɗi suke yi na kwalta mai zafi da kashin doki da gashin shanu, su shafe cikin jirgi da shi. Allon da za a lanƙwasa wa goshin jirgi kuwa sai an turara shi a cikin dogon akwati na tsawon sa'o'i, sannan mutane da yawa su ɗauko shi da gudu su manna kafin ya huce.

Jama'a, wannan ilimi ba ya zama a takarda. Ana iya rubuta shi, ana iya ɗaukarsa a bidiyo, amma ƙarar gudumar nan sai wanda ya tsaya kusa da gwani ya ji ta sau da yawa. Wannan shi ne abin da nake so mu riƙe a sharhin yau. Gidan tarihi yana iya adana katako da ƙarfe. Sana'ar kuwa a hannun mutane take zama, kuma idan babu hannun da zai karɓa, ranar da gwani na ƙarshe ya kwanta dama, abin da zai rage a gidan gawar jirgi ce kawai. Ɗan fanshon da ya zo koyo shi ne mai lokacin da zai tsaya ya karɓa, ya kuma miƙa wa matasan da ake kawowa koyon sana'a.

Ba kowa ne zai iya durƙuso a ƙarƙashin jirgi ba, kuma ba a bukatar kowa ya yi. A wannan gida akwai maƙera, akwai ɗakin tsofaffin injuna da makanikai ke tayarwa, akwai taskar takardu da taswirori da hotuna na hanyoyin ruwan ƙasar, inda tsohon akawu ko ma'aikacin laburare zai ga aikin da ya fi kowa iyawa. Akwai wasu ƙananan gidaje huɗu na 'yan dako da aka gina a 1833, waɗanda aka ƙawata kowanne da kayan wani zamani. Akwai kuma zagayawa da baƙi, aikin da ya dace da tsohon malamin makaranta.

Mu tsaya kaɗan a kan wannan na ƙarshe. Mai zagayawa da baƙi zai kai yara 'yan makaranta bayan wani siririn jirgi, ya sa su sunkuya su leƙa ɗakin kwana. Tsawonsa bai wuce ƙafa 10 ba, faɗinsa bai kai 7 ba, kuma dogon mutum ba ya miƙewa tsaye a ciki. Daga hagu ga ɗan murhun ƙarfe, shi ne na girki, shi ne na jin ɗumi. Kusa da shi ga kabad wanda idan aka sauke murfinsa ya zama teburin cin abinci. Can ciki ga wani murfin, idan aka sauke shi ya zama gadon miji da mata. Yara su kwanta a benci ko a ƙasa. Duk da wannan ƙunci, matan jirgi sun jera farantan ado a bango, sun rataya tagulla mai sheƙi, an zana furanni da hotunan fadoji a ƙofofi da tulun ruwa. Sai mai zagayawar ya gaya wa yaran cewa sa'o'insu ne ke bin doki a ƙasa tun asuba har dare, yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba, har sai da majalisar dokoki ta fara sa baki da dokar 1877. Ya gaya musu cewa a wasu ramukan da aka huda ta ƙarƙashin tsauni babu hanyar doki, sai maza su kwanta a kan allo su riƙa taka bango da ƙafa suna tura jirgin cikin duhu.

A cikin jiragen da ke wannan gida akwai wani mai suna Friendship, na wasu mata da miji, Joe da Rose Skinner, waɗanda suka yi ta dakon kwal da alfadari har zuwa 1959, lokacin da kusan kowa ya koma inji. Ba sarakuna ba ne, ba janar-janar ba ne. Talakawa ne 'yan dako. Da ba don masu aikin sa-kai ba, da wuya a ce yau akwai mai tuna sunansu.

To shi dattijon namu, me ya samu? Ba a biyansa albashi. Amma ku duba abin da aiki yake ba mutum ban da kuɗi: dalilin fita da safe, mutanen da za su tambaya idan ba su gan shi ba, da jin cewa akwai abin da ba zai yiwu ba sai ya zo. Ranar da aka yi ritaya, duka ukun nan suke tafiya tare da albashi, kuma ba a cika lura ba sai bayan watanni. A Birtaniya matsalar kaɗaici ta kai har a 2018 gwamnati ta ɗora wa wata minista alhakin kula da ita. Mutumin da ya san ranar Talata abokai biyar suna jiransa su juya wani allo, ba zai wuni a kujera yana canza tashar talabijin ba. Jiki ya motsa, ƙwaƙwalwa ta koyi sabon abu, ga raha a lokacin shan shayi.

Sai dai kada na zana muku abin kamar babu ƙura. Akwai ta. Masu aikin sa-kai mutane ne, kuma inda mutane suka taru ba a rasa 'yar tsama. Tsofaffin hannu wani lokaci sukan riƙe wuri kamar gadon gidansu, sabon zuwa ya ji kamar ya yi kutse. Sabon zuwa shi ma yakan iso da halin ofis, yana son ya gyara tsarin da bai gama fahimta ba. Akan kuma samu saɓani tsakanin masu sa-kai da ƙwararrun ma'aikata. Mai sa-kai yana son ya cire ruɓaɓɓen allo ya sa sabo, jirgi ya koma ruwa yana tafiya. Ƙwararre kuma yana tambaya: idan muka canza allo bayan allo har babu na asali ko ɗaya, jirgin tarihi muke da shi ko sabon jirgi mai tsohon suna? Kowannensu yana da hujja, kuma sabon shiga mai hankali kunne yake sawa, ba baki ba.

Babbar ƙurar ita ce kuɗi. Kyakkyawar niyya ba ta sayen katako. A wannan gida na Ellesmere Port kansa, jirage sun yi yawa, hannu da kuɗi sun yi kaɗan, har wasu suka nutse a inda aka ɗaure su suka shekara da shekaru a haka. A 2017 sai da aka kawo babban injin ɗaga kaya aka tsamo da dama daga cikinsu aka kai su ma'ajiya a tudu. A 2023 kuma gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa tallafin da take bai wa gidauniyar zai riƙa raguwa daga 2027. Saboda haka duk hukumar da ta ɗauka cewa masu aikin sa-kai hanya ce ta guje wa ɗaukar ma'aikata da ware kuɗi, ta yaudari kanta. Mai sa-kai ƙari ne a kan ƙwararre, ba madadinsa ba.

Yanzu wani zai ce, Malam, wannan ai zancen Turawa ne, mu ina ruwanmu da gidan tarihin jirage? Ruwanmu kuwa har wuya. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a can ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na Frankfurt a Jamus suka tono shi. Kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu wanda ya girme shi a duk abin da aka gano a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. Yana Damaturu. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa ganinsa? Yara nawa aka taɓa kaiwa?

Ba shi kaɗai ba. Muna da Sarkawa da sauran masunta a Kabi da Yawuri, muna da masassaƙan kwalekwale a bakin Kwara da Binuwai, muna da masu ɗaure jiragen ciyawa a tafkin Cadi. Muna da tashar Baro, inda aka riƙa sauke kaya daga jiragen ruwa ana loda wa jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911. Muna da garuruwan da ruwa ya shanye bayan kammala madatsar Kainji a 1968, waɗanda tsofaffin da suka san su suna ƙarewa. Bikin Argungu, da tseren kwalekwalensa, ya shiga kundin UNESCO a 2016, amma biki na 'yan kwanaki ne a shekara. Sauran kwanakin fa? Manyan itatuwan da ake sassaƙa jirgi da su suna ƙaranci, jiragen roba da na ƙarfe masu inji suna shigowa, kuma ɗan masassaƙi ya fi son acaɓa da gizago. Abin da ya faru a Ingila a shekarun 1960 yana faruwa a gabanmu, sai dai su sun sami waɗanda suka farga.

Na yi alkawarin taɓo zancen fansho, ga shi. Ba zan tsaya a nan na ce wa mutumin da ya yi wata da watanni bai ga haƙƙinsa ba ya je ya yi aiki kyauta. Wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba, neman abinci ne farillarsa. Dattijon Ellesmere Port yana iya ba da ranarsa ne saboda fanshonsa yana shigowa a kan lokaci, kuma asibiti ba ya neman kuɗi a hannunsa. Duk gwamnatin da ke son cin moriyar dattawanta, to ta fara biyansu haƙƙinsu.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Najeriya yawancin ma'aikatan gwamnati suna ajiye aiki ne a shekara 60, ko bayan shekara 35 suna aiki. Wanda ya fara yana ɗan 22 zai fita yana ɗan 57, garau da shi. A cikinsu akwai masu rufin asiri, 'ya'ya sun kama aiki, gida nasu ne. Akwai injiniyoyi, malaman tarihi, ma'aikatan gandun daji, kafintocin ma'aikatar ayyuka, 'yan jarida. Kuma aikin sa-kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san aikin gayya, mun san kwamitin masallaci, mun san masu gyaran maƙabarta da 'yan agaji. Abin da ba mu saba ba shi ne kai wannan hali gidajen tarihinmu, irin su Gidan Makama a Kano, da gidan tarihin Kanta a Argungu, da na Boubou Hama a Yamai. Mun bar su ga gwamnati, mun koma gefe muna cewa sun lalace.

Ga mai sha'awar farawa, ko a gidan tarihi ko a wani wuri makamancinsa, ga shawarwari kaɗan da na tsamo daga abin da muka ji.

Na ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana da shekara ɗaya ko biyu a ofis ka fara leƙa wurin, ka san mutanensa, su san ka.

Na biyu, ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa. Yini ɗaya a mako wanda ba ya tashi ya fi kwana biyar a makon farko sannan a neme ka a rasa. Masu tsara aiki sun fi bukatar mai cika alkawari a kan mai zafin nama.

Na uku, ka bar muƙaminka a gida. Idan masuncin da bai taɓa shiga aji ba ne ya san aikin, to shi ne malaminka, ka zauna a gabansa da ladabi. Ka yi wata shida kana tambaya kafin ka kawo gyara.

Na huɗu, ka san iyakar jikinka. Ka gaya musu gaskiya idan kana da hawan jini ko ciwon gwiwa. Wanda ba zai iya ɗaga allo ba zai iya riƙe rajista, ko ya zauna da wayarsa ya naɗi hirar tsohon matuƙi kafin a wayi gari babu shi.

Na biyar, ku yi shawara da iyali. Uwargida ta daɗe tana jiran ranar da za ka sami lokacinta, ita ma tana da haƙƙi. Kuma ƙofar nan ba ta maza kaɗai ba ce. Hajiyar da ta yi shekara 35 tana koyarwa ta fi kowa sanin yadda ake riƙe hankalin yara 40 a gaban tsohon kaya.

Ga shugabannin gidajen tarihi da masarautu kuma, ku buɗe ƙofa. Ku tanadi rajista, ku ware ma'aikaci guda da zai karɓi masu zuwa, ku ba su horo da katin shaida, ku biya musu ko da kuɗin mota ne. Mutum ba zai zo sau biyu wurin da aka bar shi tsaye a bakin ƙofa ana tambayarsa wa ya aiko shi ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen da suka ceto tashar Ellesmere Port ba su jira an kira su ba, kuma ba su fi dattawanmu ilimi ko ƙarfi ba. Saboda haka, Alhaji, Hajiya, Malam, idan Allah ya ba ka lafiya da rufin asiri bayan ritaya, ka zaɓi rana ɗaya a makon nan ka je gidan tarihi mafi kusa da kai, ka nemi shugabansa, ka tambaye shi aikin da ya rasa mai yi. Idan kuwa garinku na bakin ruwa ne, ka fara da tsohon masassaƙin da ya rage, tun yana iya riƙe gizago.